Soron Fatake da Takardar da Na Rubuta a Kanka, Jibril

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 19 ga Agusta 2025, ina tsaye gaban allo a Gusau, babban ɗanka Muktar ya kira ni ya ce Baba ya cika. Kwana tara ka yi kana jinya. Na zo duba ka sau biyu, duka biyun na tarar da ɗakin cike da mutane, na gaishe ka daga bakin ƙofa na juya. Na ɗauka akwai sauran lokaci. Bayan sallar la'asar aka kai ka makwancinka a Bungudu, garin da aka haife mu, kana da shekara hamsin da huɗu.

Jibril, mutane da yawa za su faɗi alherinka, kuma gaskiya za su faɗa. Ni akwai abin da ya rage tsakanina da kai wanda ban iya faɗa maka kana raye ba. Na yi kishinka shekara takwas. Malamai sun koya mana cewa akwai burin mutum ya samu irin alherin ɗan'uwansa, wannan halal ne, akwai kuma hassada mai son alherin ya gushe. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa nawa irin na farkon ne. Ba kullum ba ne.

Benci ɗaya muka zauna a firamare. Ni nake yi maka lissafi, kai kake gyara mini ƙafar bencin idan ta karkace. Da muka gama, ni na wuce sakandare har jami'a, na karanci ilimin koyar da masu buƙata ta musamman. Kai ka tafi Gusau koyon walda kusa da tashar mota. Can ka zama Jibril mai keken guragu, domin kekunan da ake tuƙawa da hannu su ne sana'arka. Ba ka taɓa kirana da sunana ba tun daga nan. Malam Boko kake ce mini, ko a gaban ɗalibaina, ni kuma in ce maka Sarkin Tartsatsi.

Ga wanda bai san Soron Fatake ba, gini ne na ƙasa a tsohon gari, wanda kakan kakan Jibril ya gina don saukar fatake da jakunansu. Babban zaure ne mai rufin azara a kan bakan gizo, wato ginshiƙan nan masu lanƙwasa da ke haɗuwa a sama, sai ɗakuna biyar kewaye da fili. Muna yara, awaki da jemagu ne suka gaje shi. Duk wanda ya wuce sai ya ce kaico, ya ci gaba da tafiyarsa.

Ni na fara cewa a mayar da shi makaranta. Ina son a rubuta wannan, kuma son da nake yi a rubuta shi yana cikin ciwon da nake magana a kai. A shekarar 2006 na yi rubutun kammala karatuna a kan yadda za a mayar da tsofaffin gine-ginenmu wuraren koyo ga makafi da guragu da kurame, kuma Soron Fatake ne misalina. Na zo rumfarka na karanta maka babi guda kana kan walda. Ka ɗaga gilashin fuskarka ka ce abin ya yi kyau, ka tambaye ni yaushe za a fara. Na ce sai an samu masu tallafi. Shekara goma sha ɗaya ina kai takardar nan taro zuwa taro, ana tafa mini, ana ba ni shaida a cikin firam.

A ƙarshen 2017, ina koyarwa a Tsafe, na ji labari wai ka nemi izinin dangi, ka kori awakin, ka fara kwashe kashin jemagu da baro. Ba ka kira taro ba. Ni ma ba ka kira ni ba sai da ka share wurin, sannan ka aiko cewa in zo in ga makarantata. Haka ka ce, wai makarantar tawa ce. Na zo na same ka da Mas'udu, magidanci daga Karakkai mai sayar da goro, wanda shan inna ya kama tun yana ƙarami. Ba ka da awo a hannu. Mas'udu ne awonka. Ka sa shi ya zagaya filin da kekensa, duk inda ya maƙale ka dasa tsinke. Na fito da littafina na soma gaya maka faɗin da ƙa'ida ta ce ƙofa ta kasance. Ka yi dariya ka ce ƙofar da jaki ya shiga da mangala a bayansa ba za ta gagari keken da kai ka ƙera ba. Na auna da kaina don in kunyata ka. Ƙofar ta fi abin da littafin ya nema da taƙi guda.

A motar komawa Tsafe abu ɗaya nake ta tunani. Abin da na yi shekaru ina riƙe da shi kamar ɗana, ga shi a hannun mutumin da bai gama ko aji ɗaya na sakandare ba, kuma yana tafiya.

Ba duk dangi suka yarda da aikin ba. Baba Usman, ƙanen mahaifinka kuma babban gidan, yana tsoron a lalata abin da kakanni suka bari, kuma tsoronsa na gaskiya ne. Ya aiko mini, a matsayina na ɗan gari mai ilimin abin, in rubuta musu ra'ayina. Na rubuta shafi biyu da Hausa don kowa ya fahimta. Na ce idan aka sare dokin ƙofa, wato tudun nan na bakin zaure, don keke ya wuce, ruwan sama zai shiga ya ci gindin ginin. Na ce sababbin tagogi za su raunana bangon da ke ɗauke da rufin. Na ce ban-ɗaki kusa da bango zai jiƙa shi, siminti a kan ƙasa zai riƙe danshi, tayoyi za su farfashe daɓen. Duk waɗannan gaskiya ne. Ƙaryar tana cikin abin da ban rubuta ba. Kowanne daga cikinsu na san maganinsa, yana cikin babi na huɗu na rubutuna, amma na yi shiru. Na rufe takardar da cewa soron ba zai ga damina biyar ba, gara a dakata har a samu ƙwararru. Ƙwararrun da nake nufi ni ne.

Aka karanta takardar a taron dangi kana zaune. Aka dakatar da kai wata uku, sannan da roƙo da haƙuri ka samu aka bar ka ka ci gaba. Ka haɗu da ni a ɗaurin aure a Gusau cikin watannin nan, ka rungume ni ka ce Malam Boko ka yi ƙiba. Ba ka ce komai a kan takardar ba, a ranar ko bayanta.

Ba ka sare dokin ƙofar ba. Ka cika ƙasa ta gaba da ta baya har ya zama gangara mai sauƙi, tudun kakanninka yana nan lafiya a ƙarƙashi. Gaban gangarar ka haƙa magudana ka rufe ta da ragar ƙarfe da ka ƙera da hannunka, ruwa ya bi ta ƙasa, keke ya bi ta sama. Lokacin da na gani na ce a raina sa'a ce.

Sai maganar makafi. Ni na ba da shawarar a sayo alluna masu rubutun makafi a kafa a kowace ƙofa. Ka tambaye ni wanda bai riga ya koyi rubutun ba, yaya zai karanta allon da zai kai shi ɗakin koyon rubutun. Ka ɗauko Malama Ladidi, makauniya daga Tsafe wadda ta yi karatu kuma ta zama malamar farko a wurin, ka roƙe ta ta bi bangon da tafin hannunta ta faɗa maka abin da take ji. Ita ta gano cewa tsohon zanen da magina suka yi a jikin yaɓe ya bambanta daga ɗaki zuwa ɗaki. Ka nemo wani dattijon magini daga Mada, ya ja kowane zane ya zama layi daidai tsayin hannu, tun daga zaure har ƙofar ɗakinsa. Mai neman ɗakin karatu ya bi igiya, mai neman ɗakin ɗinki ya bi sawun tsuntsu. Yau baƙi suna zuwa daga nesa suna ɗaukar hoton bangon. Wani malamin jami'a ya tambaye ni ko a wace ƙasa aka kwaikwayo dabarar. Na ce ban sani ba. Na sani sarai.

Ranar buɗe makarantar ka ba ni girma, ka ce ni zan tsara komai. Na tsara. Tun zamanin kakanninka ba a shiga zauren nan da takalmi, saboda a da a ciki ake karatun Alƙur'ani da azumi. Na sa aka yi kanta ta ajiye takalma, na rubuta sanarwa da manyan baƙaƙe, na tsaya da kaina a bakin ƙofa ina tunatar da mutane. Mas'udu ya iso. Ranar kekensa ya lalace, a mota aka kawo shi, ya sauko yana jan jiki da silifa a hannuwansa kamar yadda ya saba. Ya karanta sanarwata, ya dube ni, ya zare silifan daga hannuwansa ya miƙa mini. Na karɓa na ɗora a kanta. Na karɓa, Jibril. Ya dafa tafukansa tsirara a kan ragar ƙarfen da rana ta gasa tun safe, ya ja jiki ya shiga. Shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta halin mutum irinsa, ban ga abin da ke gabana ba.

Kai ka gani daga cikin fili. Ba ka yi mini magana ba, ba ka cire sanarwar ba, domin ka san dattawa za su ji ciwo. Washegari ka sayo sababbin silifa ka jera su a cikin alkukin bangon zaure, ramin da ake ajiye fitila a da, ka kafa ƙaramar rumfa ta yi wa ragar inuwa. Duk mai tafiya da hannu ya ajiye na waje, ya ɗauki na ciki, masu tsabta waɗanda ba su taɓa taka titi ba. Al'ada ta tsira, hannuwa suka tsira. Da na yi maka maganar bayan mako guda, ina kame-kame, sai ka ce:

"Malam Boko, ai dokarka ta yi daidai. Takalmin waje ba shi shiga. Mu dai munka ƙara na ciki."

Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi. Na koma gida ina jin haushin sauƙin da abin ya zo maka da shi.

Haka shekarun suka tafi. Makarantar ta cika. Da safe yara, da yamma manya. Kurame suna koyon karatu da maganar hannu a ɗakin da fatake suke ajiye gishiri. Mas'udu, wanda ya zo yana iya haɗa baƙi da ƙyar, yau shi ke koyar da lissafi ga ajin manya. Kai ba ka koyar da komai ba, kullum kana kan tsani ko kana durƙushe gaban tayar wani. Amma idan babur ɗinka ya tsaya a ƙofa, makafi sun san ƙararsa, kurame sun ga ƙurarsa, sai wurin ya ɗauka Baba Jibo ya zo. Ina zuwa duk wata in duba tsarin darussa, ana gaishe ni da ladabi, ana kawo mini kujera. Kai ba a kawo maka kujera, hawa jikinka ake yi. Na koyar da ɗalibai sun fi dubu, ina son su, na san suna girmama ni, wasunsu yau manya ne a ofisoshi. Ban taɓa ganin ɗayansu ya gane tafiyata daga bayan bango ba.

Ko a jana'izarka kishin bai bar ni ba, kuma ina neman tsarin Allah daga wannan. Kekunan da ka ƙera sun yi layi tun daga ƙofar gidanku har kwanar masallaci, wasu sun tsufa fentinsu ya goge, wasu sababbi. Daga Wonaka aka zo, daga Mada, daga Tsafe. Hanyar maƙabarta ta yi laka saboda ruwan da aka yi, tayoyi suna nutsewa, matasan gari suna turawa. Kurame suka tsaya a gefen kabari suna yi maka addu'a da hannuwansu. Ina tsaye ina kuka, wani ɓangare na zuciyata yana tambaya wa zai zo tawa.

Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a, Baba Usman ya kira ni gefe. Ya zaro takarda daga aljihun rigarsa, ta yi laushi saboda ninki. Tun kafin ya buɗe na gane rubutuna. Ya ce dangi za su zauna ranar arba'in a yanke shawara a kan soron, domin izinin da aka ba ka na baki ne, kuma kai aka ba. Ya ce akwai masu ganin a rufe makarantar kafin rufin ya faɗo a kan bayin Allah, tunda mai kula da shi ya tafi, akwai kuma mai son wurin ya yi shaguna. Ya ce hujjarsu ita ce wannan, maganar masani.

"Malam, kai ka rubuta ba ya ganin damina biyar," in ji shi. "To, ga mu cikin ta takwas. Ko dai ginin na cin bashin lokaci, ko kai ka yi kuskure. Wanne za mu ɗauka?"

Na ce zan ba shi amsa.

Kafin in tafi na shiga yi wa mai ɗakinka, Hajiya Hanatu, gaisuwa. Tana bayan labule saboda takaba. Bayan mun gaisa ta sa Muktar ya miƙo mini wata leda da aka samu a akwatin kayan aikinka. Kwafin takardata ne, ya yi baƙi da man inji. Gefen kowane haɗari da na lissafa akwai alamar biro da kwanan wata da rubutunka mai karkata. Tagogi: an yi su tsakanin bakan gizo, an ɗora azara a kai. Ban-ɗaki: taku ashirin daga bango, da rumfa har can. Siminti: ba a sa ba, yaɓen gargajiya duk shekara kafin ruwa. Daɓe: falalen dutse. Ta ce tun ranar da aka karanta ta ka roƙi kwafi, kuma duk farkon damina sai ka fito da ita ka zagaya ginin kana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce idan baƙi suka yaba ƙarfin soron, cewa kake abokinka ne masani ya rubuta maka duk inda ciwon ginin yake.

Na tambaye ta ko ka san abin da ya sa na rubuta ta. Ta ce:

"Ya sani, Malam. Ya ce dai ko mi ya sa ka rubuta, abin da ke ciki gaskiya ne, kuma shi gaskiyar yake bukata."

Ka gani, Jibril, ko a nan ka fi ni. Na jefe ka da abu, ka tsince shi ka yi aiki da shi, ka kuma ba ni ladan a bainar jama'a. Ban san yadda ake gasa da mutum irinka ba, kuma yanzu ka tafi inda ba a gasa.

Don haka ga amsata ga Baba Usman da dukkan zuriyar gidan, na rubuta ta inda kowa zai gani, tunda waccan ma a gaban kowa aka karanta ta. Ni Yusha'u, na janye hukuncin da na yanke a ƙarshen takardar nan. Ban yanke shi da ilimi ba, da kishi na yanke shi. Haɗurran da na lissafa na gaskiya ne, amma kowannensu yana da magani, na sani na ɓoye, Jibril ya nemo da kansa ya yi. Kada ku ɗauki maganata a wannan karon ma, tunda na taɓa ba ku ita gurguwa. Ku ɗauki kwafinsa mai man inji, ku kira maginin da kuka yarda da shi, ku zagaya ginin tare. Idan kun sami tsaga ɗaya da ke barazana ga rai, ku rufe. Idan ba ku samu ba, ina roƙonku da girman Allah ku bar mutum tamanin da ɗoriya da ke karatu a wurin su ci gaba, ku kuma rubuta izinin a takarda da shaidu, don kada ya sake mutuwa tare da mutum ɗaya.

Idan damuwarku mai kula ne, Malama Ladidi da Mas'udu sun san makarantar fiye da kowa, su ya kamata su riƙe ta. Ni ba shugabanci nake nema ba, na nema a baya ta hanyar da ba ta dace ba. Abin da na ɗauka wa kaina shi ne zagayen farkon damina da yaɓen kowace shekara, muddin ina da rai da lafiya. Zan zo ranar arba'in in maimaita wannan da bakina, in amsa duk tambayar da za a yi mini, ko mai ɗaci ce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Hanatu, da 'ya'yansa Muktar da Khadija da sauran ƙannensu, da Baba Usman da dukkan dangi, da abokan sana'arsa na Gusau, da malamai da ɗaliban Soron Fatake waɗanda maraicinsu bai gaza na 'ya'yan cikinsa ba. Allah Ya ba ku haƙurin da ya kai girman rashin.

Ya Allah, bawanKa Jibril ɗan Idris ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ya sauƙaƙa wa bayinKa masu rauni hanya, Ka sauƙaƙa masa hisabi. Ka sanya kowane harafi da aka koya a soron nan cikin mizaninsa har ranar da za a tashi. Ka sa Aljannar Firdausi ce masaukinsa.

Ni kuma, ya Ubangiji, Ka wanke zuciyata daga abin da ta ɗauka a kansa. Sau biyu na tsaya a bakin ƙofar ɗakin jinyarsa da niyyar neman yafiya, sau biyu na ga jama'a na ji kunya na juya. An ce mini ya yafe tun ban roƙa ba. Duk da haka ina roƙo, Jibril, a gaban jama'ar da na ji kunyarsu. Ka yafe mini.

Yusha'u Abdulsamad
Gusau